Kwana Tara a Mangaza

Kun tashi kuna jin cewa ciwon baya ne ya raba ni da aikin likita. Ni na faɗi haka, uwarku ta maimaita, har maganar ta zauna daram. To, bayana lafiyarsa lau a wancan lokaci. Na yi shekara ashirin bayan nan ina ɗora masa buhun albasa bai ce uffan ba. Abin da ya fitar da ni daban ne, kuma tunda ido ya fara gajiya hannu yana rawa, gara in rubuta shi da kaina kafin wani ya ba ku shi a karkace. Ke Dije, ke ce babba, kuma ke abin ya fi shafa, sai ki daure ki karanta har ƙarshe.

Na samu aikin ne shekara biyu bayan farin tamanin da huɗu, lokacin da garkenmu ya ƙare ƙaf, rumbu ya zama ɗakin kwanan ɓeraye. Lebura ne ni a ɗan gidan likitan garinmu: shara, ɗibar ruwa, dafa allurai, tsare layi. Ɗaki biyu ne da ƴar mangaza a baya inda ake ajiye kaya, ma'aikaci kuma ɗaya tal, wanda kowa ke kira Majo. Mutumin Damagaram ne, dogo, mai ƙarancin magana, wanda in ya ce maka abu sau ɗaya yana ganin ya gama. Albashina bai taka kara ya karya ba, amma shi ke riƙe da gidanmu duka, har da sashen wana Hamidu, wanda farin ya bari da gatari da igiya kawai. Matarsa Mariyama ita ce abokiyar wasana, kamar yadda aka saba tsakanin matar wa da ƙanin miji, kuma bakinta ya fi nawa kaifi. Ita ta raɗa mini suna Lokotoron Tsintsiya, wato likitan tsintsiya, sunan ya bi ni har kasuwar Badaguishiri. Damina ɗaya ta haifi Sanusi, uwarku Rabi ta haife ki, kwana goma sha ne tsakaninku. Tabarma ɗaya kuka yi rarrafe.

A shekarar aka kawo mana firigo, akwatin sanyi, don ajiye allurar rigakafi. Ba lantarki a garin, saboda haka mai aiki da kananzir ne: fitila a ƙasa da lagwani da ɗan gilashi, sai bututun ƙarfe da ya tashi daga kan wutar ya bi bayan akwatin har sama, gefensa kuma waɗansu ƙarafa jere kamar haƙoran mataji. Gari duka ya zo kallo. Wani tsoho ya rantse ba zai yarda wuta na haifar ƙanƙara ba sai ya taɓa, da ya taɓa kuma ya yi salati ya fita bai waiwayo ba. Majo ya sa aka girka shi a ɗakin gaba, tsakanin ƙofa da taga, ya ɗauko bulo ɗaya ya kwantar a ƙasa tsakaninsa da bango. Da mutane suka watse ya kira ni.

"Isuhu, kawo hannunka nan sama. Me ka ji?"

"Zahi, Majo. Awa bakin tanda."

"Yanzu sa shi nan ƙasa."

Na sa, na ji ƴar iska mai sanyi tana bi ta tsakanin yatsuna tana shiga ƙarƙashin akwatin, alhali ko ganye ba ya motsi a waje.

"Numfashi yake yi," in ji shi. "Ta ƙasa yake shaƙa, ta sama yake fitarwa. Abu uku nake so ka riƙe. Wuta ta zama shuɗiya kullum. Kada ka buɗe shi ba dalili. Kada ka matsa shi daga inda yake. Maganin da ke ciki, musamman na ƙyanda, in ya ji zafi ya mutu, kuma ba ya farfaɗowa."

Na riƙe na farko da na biyu kamar karatun allo. Na ukun na ɗauke shi fi'ilin ma'aikata ne, irin na mutumin da ba ya son a taɓa masa tebur. Zancen numfashi kuwa na ɗauke shi abin al'ajabi na ba da labari a majalisa, ban san ran abin ne gaba ɗaya ba. Kun san ni, ko yanzu ba a kawo abu gidan nan ban kwance shi na ga cikinsa ba. A lokacin abin ya fi haka muni. Ni ne mai gyaran rediyo, mai gyaran fitila, mai dabarar unguwa, kuma na yarda da kaina fiye da kima.

Da bazara ta kama aka kira Majo Tawa wani horo na mako biyu. Ma'aunin zafin da ke cikin firigon ya riga ya fashe tun watannin baya, an rubuta a aiko wani ba a aiko ba, Majo da yatsa yake taɓa gorunan ƙanƙara ya san lafiya. Ya bar mini makulli da jarkar kananzir ya tafi. Kwana biyu da tafiyarsa iskar nan ta gabanin ruwa ta taso, wadda ke zuwa da la'asar ta ɗaga rufin mutane ba ɗigo ko ɗaya. Ta shigo ta taga ta fita ta ƙofa, ta kashe mini wuta. Na kunna. Kashegari ta sake, wannan karon har wutar ta yi ja ta cika bututun da baƙin hayaƙi, na wuni ina goge shi da tsumma a bakin sanda. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da ake cewa garin neman gira a rasa ido. Na ce ai mangaza ba taga, iska ba ta da hanyar shiga. Na kira Hamidu muka ciccibi firigon muka kai shi can, muka tura shi lungu har ya manne da bango don a samu wurin wucewa. Bulon Majo na shure shi gefe. Na kunna wuta, na ja ƙofa, har na toshe ƙasanta da tsohon buhu. Wutar ta tsaya cak, shuɗiya, ko rawa ba ta yi. Na koma gida ranar ina jin kaina, har na ce wa Mariyama lokotoro ya wuce tsintsiya.

Ku dubi mangazar nan da idon basira, ku da kuka yi lakwal, karatun boko. Rufin kwano ne gajere, in na miƙa hannu ina taɓa shi. Bangon da na jingina firigon na yamma ne, rana na dukansa tun azahar, har bayan magariba yana huci. Iska mai zafi tana hawa bututu ne saboda ta fi wadda ke kewaye da ita zafi, da ta hau sai mai sanyi ta biyo bayanta daga ƙasa ta kwashe zafin da ƙarafan nan ke fitarwa. A ɗakin gaba zafin yana tashi ya sami sarari, taga ta ɗauke shi. A mangaza yana fita bututu ya bugi kwano mai zafi ya dawo, ya taru, ya sauko, firigon ya sake shaƙar abin da ya fitar. Bayansa na manne da bango, ba ratar da iska za ta bi. Wuta na ci, kananzir na ƙarewa, sanyi kuwa babu. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne mu ƴan albasa ne. Ba yaron da bai san ana ɗaga rudu, rumbun karan da ake ajiye albasa, a kan duwatsu a fili ba, a yi masa jinka don iska ta shiga ta ƙasa zafi ya fita ta sama. Wanda ya kafa rudu a lungun katanga sunansa mahaukaci. Na san wannan tun ina tsirara, amma da na ga ƙarfe da farin fenti sai na ɗauka dokarsa daban ce.

Safe da yamma ina shiga in duƙa in leƙa wuta, in ga shuɗiya, in fito jiƙe sharkaf da gumi. Ban buɗe ba, ai an ce kada in buɗe. Rana ta tara, da hantsi, na dafa gefen akwatin zan miƙe, sai na ji shi da ɗumi kamar jikin akuya. Na buɗe. Gorunan ƙanƙara sun zama ruwa, ruwan ma mai ɗumi irin na butar da aka manta a rana. Ƴan kwalaben maganin suna jere tsaf yadda Majo ya bar su, ba abin da ya canza a fuskarsu. Na daɗe tsaye ina kallonsu, ina jin tsoro irin wanda ban taɓa ji ba ko a shekarar fari.

Har zuwa nan kuskure ne, kuma Allah yana yafe kuskure. Abin da ya biyo baya ba kuskure ba ne, kada wani cikinku ya yi mini ado da wannan kalma. Na kira Hamidu na ce iska ta kwanta, mu mayar da shi. Muka mayar, na nemo bulon na sa a wurinsa, na share sawun da jan firigon ya bari a ƙasa. Kwana biyu ƙanƙara ta dawo. Ranar da Majo ya iso, ko jakarsa bai ajiye ba ya buɗe firigon ya danna yatsa.

"Madalla, Isuhu. Ba matsala dai?"

"Babu, Majo. Lahiya lau."

Maganar gaskiya tana bakina, na haɗiye ta. Na ga kaina an kore ni, na ga bakuna goma sha da ke jiran hatsin ƙarshen wata, na ga majalisa tana dariyar mai dabara. Na ce wa zuciyata ai man shanu ma yana narkewa ya sake daskarewa, man shanu ne dai. Zuciyar ta ce Majo ya ce ba ya farfaɗowa. Na ce mata Majo mutum ne mai tsananta abu. Haka muka yi ta ja, har mai shela ya zaga gari cewa ran Laraba mai zuwa za a yi wa yara allurar ƙyanda, duk mai ɗan da ya kai wata tara ta kawo shi.

Dije, ga inda za ki san ubanki. Ran Litinin da sassafe na ɗaura jaki a amalanke na ce wa uwarki ta goyo ki, za mu Illela gaida gwaggonta. Sai da muka yi nisa na ce mata za mu biya likitar can a yi miki allura.

"Malam, ga allura ƙohwar gida jibi, mi za mu nema Illela?"

"Ki yi abin da nic ce."

Ta dube ni, ta dubi hanya, ba ta sake tambaya ba, ba ranar ba, ba har ta koma ga Mahaliccinta. Mutumin da ya yarda man shanu ne ba ya tuƙa jaki rabin wuni don allura. Na sani, kuma na zaɓi tawa.

Ran Laraba ni na tsare layi kamar kullum. Mata sun cika gindin bedi da goyo, kowacce da karnen yaronta, wato katin allura, a hannu. Mariyama ta iso a makare, Sanusi a kafaɗa, yana tsotsar yatsa.

"Lokotoro, yau dai ka yi rana. Tuwo na bari bisa wuta, ka shigar da ni gaba ko in hwaɗa ma duniya tsintsiya ɗai ka iya."

Mata suka yi dariya, na yi dariya, na shigar da ita gaba. Ni na riƙe hannun yaron Majo ya soka. Ya yi kuka kaɗan ya kama gemuna. Majo ya buga hatimi a karne, ta ɗaure shi a bakin zane ta tafi tana sa mini albarka.

Daminar ta yi kyau, muka cika rumbu karo na farko tun fari, na fara gaya wa kaina abin ya wuce. Da rani ya tsaya, bayan an cire albasa, ƙyanda ta shigo. Ta fara daga unguwar gabas ta bi gida gida. Ba sabon abu ba ne ƙyanda ta zo, sabon abu shi ne waɗanda ta kayar. Yaran da ke da hatimi a karne su ne kwance, ido ja ya kumbura, tari kamar ana tsaga kara. Ba zan rubuta muku yawansu ba, amma na san kowane gida, kuma har yau in zan bi ta waɗansu ƙofofi sai na sauya hanya. Sanusi ya riga ya fara tafiya, yana kirana Baba Suhu. Ƙurajen suka fito masa suka koma, abin ya sauka a ƙirji. Kwana shida yana numfashi da ƙyar a cinyar uwarsa, ke kuwa kina tsakar gida kina bin kaji, ko atishawa ba ki yi ba. Rana ta bakwai da walaha ya cika. Ni da Hamidu muka haƙa kabari, ni na miƙa masa yaron a cikin ramin. Hamidu ya riƙe hannuna ya ce in yi haƙuri, ya san yadda nake son yaron.

Bayan kwana uku Mariyama ta je likita ta ajiye karnen a teburin Majo.

"Wanga ba hannunka na ba? Ba kai kac ce in an yi ba ta kama shi ba?"

Majo ya ɗauki karnen ya duba hatiminsa. Da ta fita ya buɗe firigon ya taɓa ƙanƙara, ya duba lagwani, ya zauna ya dafe kai. Can ya ɗago.

"Isuhu, ka tuna da kyau. Lokacin da na je Tawa bara, ba abin da ya sami wutar nan?"

"Shuɗiya take, Majo, sahe da marece."

Kun ga yadda ake yin ƙarya da gaskiya. Daga nan magana ta tashi a gari cewa Majo yana sayar da maganin kirki a hayin iyaka yana ɗura wa ƴaƴan mutane ruwa. Ban san wanda ya fara ta ba, na dai san wanda zai iya kashe ta da jimla ɗaya, yana zaune a majalisa yana kaɗa kai. Aka daina gaishe shi. Aka daina kawo masa marasa lafiya sai wanda ya galabaita. Kafin damina aka ɗauke shi aka kai wani wuri, da baƙin suna a bayansa. Ranar tafiyarsa ba wanda ya raka shi bakin hanya sai ni, ɗauke da akwatinsa. Da mota ta tsaya ya kama hannuna da hannu biyu ya ce duk garin ni kaɗai ne ban juya masa baya ba, Allah ya saka mini. Ban sake jin labarinsa ba. Shekaru bayan nan, in motar rigakafi ta shigo, mata sai su kwashi yara su shige gonaki, kuma ƙyanda ta sake dawowa ta same su a buɗe. Wannan ma yana cikin kayana. Wata biyu da zuwan sabon majo na kasa shiga ɗakin gaba in ji warin kananzir, na ajiye makulli na ce baya ne. Aikin da na yi shiru dominsa, da ƙafata na bar shi.

Bara, bayan rasuwar Hamidu da fitar Mariyama daga takaba, na ga saura ni da ita cikin waɗanda suka ga wannan zamani. Na same ta da azahar a inuwar ɗakinta tana tsince wake a faifai. Na zauna a ƙasa, na faɗa mata duka, tun daga iska har bulo, har amsar da na ba Majo. Ba ta katse ni ba, hannunta bai daina aiki ba. Da na gama ta ture tsakuwa gefe.

"Hirigo ban san shi ba, Isuhu. Numhwashinai da bututunai, wanga ilimin ku na. Ni abu guda nis sani. Ran da kunka tahi Illela ina bakin rijiya. Na ga amalanke ya wuce, kai da Rabi da ɗiya, ga wuri nan baya hal na mutum ukku. Na ɗaga maka hannu, kai kuwa kana kallon kunnen jaki. Ban kawo komi ba ga raina. Sai da Sanusi ya kwanta ina jin dariyar Dije tsakar gida, sannan amalanken ya dawo mani."

"Shekara talatin da wani abu, Mariyama. Don mi ba ki taɓa hwaɗi ba?"

"Hatsin da muka ci daga hannunka ya hito. In hwaɗi, in ba sauran ɗiyan mi? Kuma wanka ya mutu yana son ka. Na bar mai wannan."

Na ce ta yafe mini. Na faɗa har sau biyu.

"Nawa na yahe tun da daɗewa, ba don kai ba, don in samu in yi barci. Na yaro kuwa ba ni da iko da shi. Ka bari sai kun gamu."

Ta jawo faifan gabanta ta ci gaba da tsintar wakenta. Na zauna ina jira ko za ta ƙara wata magana, har aka kira la'asar ba ta ƙara ba.